Budimir da Akwatunan Lasifika Shida

A garin Lesnovik an yi wani mutum ana ce masa Budimir, wanda bakinsa ke riga ƙafarsa isa ko'ina. Shekararsa arba'in da shida, ya aurar da 'ya'ya mata biyu, amma gashinsa har kafaɗa, wandonsa kuma ya matse shi har ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure takalmi. Aikinsa awon hatsi a rumbun manoman gari. Aiki ne na mutunci, amma ba ya son a ambata masa. A tasa faɗar shi makaɗin jita ne kuma masanin sauti, saboda ya taɓa zuwa Jamus. Kwanansa goma sha ɗaya a can. Waɗanda suka je tare da shi sun ce kujeru ya yi ta jerawa a wani zauren rawa har aka sallame shi saboda surutu. Shi kuwa cewa yake da hannunsa ya haɗa wa manyan mawaƙa wayoyi, har suna roƙonsa ya zauna.

Ƙungiyar makaɗan gari tana hannun Toza mai akodiyan, abin kiɗan nan da ake ratayawa a ƙirji ana ja ana matsewa. Ba a biki ko suna a Lesnovik ba tare da su ba. A wannan shekara mai jitarsu ya ajiye kiɗa saboda ciwon gaɓoɓi, kujerarsa ta zama babu kowa. Mutum biyu suka nuna suna so: Budimir, da Tihomir mai raba wasiƙu, wani shiru-shiru da ba ya ɗaga murya ko kare ya biyo shi. Toza ya san wanda ya fi iyawa, duk gari ma an sani. Amma Toza kum ɗin Budimir ne, wato babban amininsa, shi ya tsaya masa ranar ɗaurin aure, kuma mutum ba ya tsallake kum ɗinsa ya ba bare. Don haka ya ce Budimir zai fara gwadawa ranar Lahadi, a kasuwar shekara, gaban jama'a.

Ranar Alhamis Toza ya kawo amfilifayar ƙungiya, na'urar ƙara sauti, da akwatin lasifikarta gidan Budimir a cikin baro, a kan bargo biyu. Tsohuwa ce, mai kwalabe huɗu a ciki masu haske kamar fitila. Marigayi yayan Toza ne ya zo da ita daga Munich, kwana biyu a jirgin ƙasa tana kan cinyarsa. A samanta akwai ɗan farin ƙyalle da mahaifiyarsu ta saƙa mata, ba a cire shi sai za a kunna ta.

"Kum, ka ba ni kunnuwanka biyu," in ji Toza. "Akwatin lasifika ɗaya. Wannan nata. A bayansa an rubuta takwas, maɓallin bayanta ma yana kan takwas. Haka yayana ya bar ta. Ni zan tafi kiɗan biki a wani gari, sai Lahadi da rana zan dawo. In ta kai yammacin Lahadi lafiya, kujera taka ce, duk bukukuwan kaka da kai za mu yi. In ta yi ko tari ne, Tihomir na nan."

"Tihomir?" Budimir ya yi dariya. "Mutumin da ke taɓa jita kamar mai lasar kan sarki? Kum, ka je ka yi bikinka. Irin wannan a Jamus yara muke ba su koyi hannu."

"Akwati nawa na ce?"

"Ɗaya. Na ji. Ai ba kurma ba ne ni."

Toza bai kai tashar mota ba Budimir ya isa gidan gahawa. Ya zauna a teburin tsakiya, ya sa aka kawo masa rakiya, barasar ƙasarsu, tun azahar ba ta yi ba, abin da mai hankali ba ya yi. Can wani ya tuna masa cewa 'yan ƙahon Drenik, mabusan garin da ke tsallaken kogi, za su zo kasuwar kamar kowace shekara. Mutum goma sha biyu ne, in suka sa baki ba a jin ko kukan jaki.

"Bana za su koma gida da ƙahoninsu a hammata," in ji Budimir. "Ku rubuta ku ajiye. In na bugi jita ranar Lahadi, a Drenik za a ji. Matansu za su fito ƙofar gida suna tambayar wa ya zo."

"Drenik kilomita bakwai ce, Buda," in ji wanzami.

"Na sani. Shi ya sa ban ce takwas ba. Ba na son cika baki."

Da ya dawo gida ya tsaya gaban akwatin nan guda ɗaya, ya dube shi sama da ƙasa, ya ga ba zai kai kilomita bakwai ba. Ranar Juma'a da hantsi sai ga shi ya turo baro da wani akwatin, na gidan silima, shi ma takwas a bayansa.

Matarsa Desanka tana ɓare barkono a tsakar gida. Mace ce mai ƙarancin magana, shekararta goma sha tara tana liƙa wayoyi a masana'antar rediyo kafin idonta ya gaji. Budimir bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ilimi ba, saboda a zaune take yi, kuma ba a Jamus ba.

"Ina za ka da wannan?" ta ce.

"Ƙari."

"Kum ya ce ɗaya."

"Kum ya san akodiyan. Ni na san sauti."

Ya haɗa akwatunan biyu, ya zagaya bayan amfilifaya inda maɓallin yake da lambobi guda uku, wato huɗu da takwas da sha shida, ya murɗa shi zuwa sha shida.

Desanka ta ajiye wuƙa. "Mayar da shi huɗu."

"Huɗu? Takwas da takwas nawa ne a gidanku?"

"A gidanmu sha shida ne. A bayan wannan abin huɗu ne. Lambar nan nauyin da aka yi ta ta tura ne. In ka jera akwati biyu kafaɗa da kafaɗa, ƙofa biyu ka buɗe wa wuta, nauyin ya rabu biyu. Kai kuma ka gaya mata sha shida. Za ta yi ta wahala tana zafi, sautin ma ba zai fita ba."

"Mace, ni nake awon hatsin garin nan shekara ashirin. Buhu takwas a kan sikeli, ka ɗora buhu takwas, ban taɓa ganin ya koma huɗu ba. Da haka ne da tuni ina gidan yari."

"Wuta ba buhu ba ce."

"Komai buhu ne in ka iya lissafi."

Ya rataya jita, ya ware ƙafafu iyakar abin da wandon ya yarda, ya buga. Abin da ya fito ba shi da suna. Ya fi kama da saniya mai mura tana kiran ɗanta daga cikin rijiya. Kajin maƙwabta suka ɗaga kai, suka ci gaba da tono.

Goggo Kovilka, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta kan shinge. Shekararta saba'in da ɗoriya, ba abin da ke wuce ta a layin.

"Maƙwabci, maraƙin wa kuke yankawa ba ku gayyace ni ba?"

"Kiɗa ne, Goggo. Na zamani."

"Allah ya ba shi lafiya."

Ta zagayo ta shigo da ɗan tulun gahawarta a hannu. Ta ɗora tafin hannu a kan amfilifayar, ta janye da sauri, sannan ta ɗora tulun a wurin.

"Kada ka kashe, ɗana. Bari ta tafasa."

Budimir ya sauke tulun da fushi. Ya ce zafi alamar ƙarfi ne, a Jamus in amfilifaya ba ta ƙona hannu ba mayar da ita shago ake yi. Sautin kuwa, a ganinsa dalilin a fili yake: akwatuna sun yi kaɗan.

Ranar Asabar ya je wurin shugaban makaranta ya ce Toza ne ya aiko shi, aka ba shi akwatin da ake kiran yara taro da shi. Ya wuce filin ƙwallo ya ce shugaban makaranta ne ya aiko shi, aka sauko masa da wanda ake faɗin sunayen 'yan wasa. Ya jera huɗun a tsakar gida, ya ƙidaya da yatsa.

"Talatin da biyu."

"Biyu," in ji Desanka daga bakin taga.

"Talatin da biyu."

"Ka cire talatin ɗin, sauran daidai ne."

Maɓallin bai wuce sha shida ba. Budimir ya tsaya yana kallonsa, ya girgiza kai don tausayin waɗanda suka ƙera ta, da ba su yi zaton za ta faɗo hannun mutum irinsa ba. Ya ɗauko allin da yake yi wa buhuna alama, ya rubuta talatin da biyu kusa da sha shida, ya ja layi ya haɗa su.

"To yanzu ta sani," ya ce.

Ya buga sau uku. A na huɗu aka ji ɗan ƙas, kwalaben suka dushe, komai ya yi tsit.

"Madalla," in ji Goggo Kovilka daga shinge. "Wannan waƙar ta fi ta jiya."

Desanka ta fito ta buɗe ɗan murfin baya, ta zaro fiyus ta ɗaga shi a rana. Ya yi baƙi.

"Ka ga wannan? Duk gidan nan shi ne mai hankali. Ya mutu don ita ta rayu. Ka tsaya nan, Buda. Ka mayar wa mutane kayansu, in samo wani fiyus, ka buga da akwati ɗaya gobe ka sami kujerarka. Wa ya ce maka sai an ji ka a Drenik?"

"Ni na ce. A gaban mutum tara."

"Mutum taran nan sun saba."

Budimir ya shiga rumfar kaji ya fito da ƙusa, ya yanke ta daidai tsawon fiyus, ya cusa a gurbin. Kwalaben suka sake haske.

"Wannan ba zai mutu ba," ya ce. "Ƙarfen gida ne."

Desanka ta yi masa wani kallo, ta koma ciki. Da ya tafi aski da la'asar, ta kwashe wayoyin haɗin duka ta tura su ƙasan gangar kabeji mai tsami, ta danne da dutse. Da ya dawo ya yi ta nema, ƙarƙashin gado, bayan murhu, har cikin akurkin kaji. Ya tambaye ta, ta ce ita barkono take ɓarewa tun jiya. Ta ɗauka maganar ta ƙare ke nan.

Ranar Lahadi da safe ta ɗauko dutsen guga za ta goge rigarta ta coci, ta tarar ba shi da wutsiya, an yanke wayarsa. Injin wanki ma haka. Fitilar gefen gado ma haka. Ta leƙa waje, baro ba ya nan, amfilifaya ba ta nan.

Kafin a fito daga coci Budimir ya ƙara akwati biyu. Na farko na limamin cocin ne, ya karɓa a hannun mai shara da sunan za a yi masa gyara. Na biyu na 'yan kwana-kwana. Shugabansu, wani mai ƙaton gashin baki, ya saurari bayanin shirin tun daga farko har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗauka, Buda. Mu ma dama muna kusa."

Dandalin makaɗa a kan tirelar tarakta yake, a gefen filin kasuwa. A nan Budimir ya gina katangarsa, uku a ƙasa, biyu a kai, ɗaya a can ƙoli, amfilifaya a gefe a kan kujera. Wayar guga ta shiga ta injin wanki, ta injin wanki ta shiga ta fitila, duk an naɗe da tsumma, suka sauko daga tirela suka bi ƙasa suka sake hawa. Ya share talatin da biyu da yawu ya rubuta arba'in da takwas. Don kada ƙura ta shiga, ya shimfiɗa farin ƙyallen nan a kan ramukan da zafi ke fita.

Kasuwa ta cika. Ana gasa raguna a layi, kabejin biki na tafasa a manyan tukwanen ƙasa, a ɗaya gefen filin 'yan ƙahon Drenik sun riga sun fara. Desanka ta iso da rigarta a yamutse, riƙe da bokitin yashi.

"Desa, me za ki yi da yashi ranar kasuwa?" in ji Goggo Kovilka.

"Na mijina ne."

Ta matsa bakin tirela ta ƙidaya akwatunan.

"Arba'in da takwas," Budimir ya ce mata daga sama.

"Ɗaya da ɗan ɗori. Ka gaya mata sha shida, ka ba ta ɗaya da ɗan ɗori, ka toshe mata numfashi, ka sa mata ƙusa. Me ta yi maka?"

"Ki je ki zauna cikin mata."

Motar su Toza ta makara. Sun iso ana kiran sunansu, ya hau tirela da akodiyan a ƙirji, mai ganga da mai goge a bayansa. Yana ɗaga kai ya ga katanga.

"Kum, mene ne wannan?"

"Ado ne, kum. Don 'yan Drenik su ji tsoro. Ɗaya kaɗai ke aiki."

"Ka rantse?"

"Da kumancinmu."

Desanka ta ɗaga murya daga ƙasa, "Kum Toza, duba bayanta," amma daidai lokacin 'yan ƙaho suka sa baki gaba ɗaya, maganarta ta nutse. Toza ya ga bakinta na motsi, ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga mata hannu.

Budimir ya zaro auduga daga aljihu ya toshe kunnuwansa biyu tam. Mai ganga ya tambaye shi dalili.

"Abin da zai fito daga nan ba na kunnen mutum ba ne," ya ce da ƙarfi, don ba ya jin kansa. "Ku ma da kun nema."

Toza ya ja akodiyan, ganga ta shiga, goge ya bi. Aka zo wurin jita. Budimir ya rufe ido, ya ɗaga hannu sama, ya sauke.

Mutanen layin gaba suka karkata kai. Akwai wani abu, ba a ce babu ba. Daga akwatin coci wani siririn kuka ke fita, na 'yan kwana-kwana yana kurɓe-kurɓe, na filin ƙwallo yana rawar sanyi. In an haɗa su duka ba su kai ƙarar ƙudan zuma a cikin kwalba ba.

"Buda, ka fara ne ko kana shiri?" wanzami ya tambaya.

"Ku yi shiru, jama'a, kada ku firgita shi," in ji wani.

'Yan ƙahon Drenik, da labarin alkawarin ya riga ya kai musu, suka sauke ƙahoninsu suka matso don su ba shi dama. Shugabansu har da kama kunne da hannu.

Budimir ya buɗe ido ɗaya, ya ga fili ya yi tsit, 'yan ƙaho sun daina busa, kowa ya zuba masa ido baki buɗe. Ya san ya gama da su. Ya miƙa hannu baya ya murɗe duk maɓallan gaba har ƙarshe, ya sake rufe ido. Ta ramukan gefe kwalaben suka tashi daga ruwan lemo suka koma ja kamar garwashi.

Toza ya ga abin na neman zama abin kunya, ya juya kiɗan zuwa na rawar layi don ya ɗauke hankalin mutane. Nan da nan aka kama hannu. Goggo Kovilka ce a gaba tana kaɗa hankici, mutum talatin a bayanta. Layin ya zagaya masu gasa rago, ya biyo ta gefen tirela. Ƙafar Goggo ta shiga cikin wayar guga. Ba ta faɗi ba, don matar ta fi ƙarfin waya. Ta yi shuri ɗaya ta wuce, wayar ta fizge daga bayan amfilifaya ta bi ta tana jan ƙasa.

Desanka ta ga haka ta saki salati irin nasu. Irin wannan amfilifaya tana iya jure nauyin da bai dace ba na ɗan lokaci, amma a buga ta ba akwati ko ɗaya, ƙarfin ba shi da wurin zuwa sai cikinta.

"Buda, tsaya. Ɗaga hannunka."

Buda yana Jamus. Ya kai wurin da ya fi so a waƙar, ya durƙusa a gwiwa biyu, ya jefa kai baya, gashi na lilo. Wandon ya ga abin ya ishe shi, ya rabu daga baya tun daga ƙugu. Wannan kam an ji shi har layi na biyar, kuma shi ne sauti mafi ƙarfi da Budimir ya fitar a ranar. Bai sani ba. Yatsunsa na gudu a kan jita, ba abin da ke fita sai ƙyas-ƙyas na ƙarfe.

Wani wari ya tashi. Masu gasa raguna suka ruga suna juya namansu, kowa na zargin na kusa da shi. Sai hayaƙi ya fito daga bayan kujera, fari da farko, sannan baƙi mai kauri. Farin ƙyallen ya yi ruwan ƙasa a tsakiya, ya kama.

Desanka ta fizge wayar wutar tirela, ta taka taya ta hau da shekarunta, ta juye bokitin yashi a kai. Akodiyan ya tsaya. Ganga ta tsaya. Masu rawa suka saki hannu. Shugaban 'yan kwana-kwana ya matso da ƙafar rago a hannu, ya duba, ya ce aikin ya yi kyau, ya koma.

A duk filin kasuwar mutum ɗaya ne ke motsi. Yana durƙushe cikin hayaƙi, ido a rufe, baki a murguɗe, farin gajeren wandonsa na kallon jama'ar gari biyu.

Toza ya ajiye akodiyan a hankali. Ya je ya sunkuya, ya zare audugar kunnen dama.

Budimir ya buɗe ido yana haki. "Yaya, kum? Sun gudu?"

"Tashi."

"An ji a Drenik?"

Shugaban 'yan ƙaho ya amsa daga ƙasa, cikin ladabi. "Ni ɗan Drenik ne, maigida, taku goma ne tsakanina da kai, ban samu komai ba. Amma hayaƙin ba laifi. In mun koma za mu ba da labarinsa."

Sai a lokacin Budimir ya waiwaya. Ya ga tudun yashi a kan kujera, hayaƙi na fita ta gefe. Ya ji iska a inda bai saba jin ta ba, ya kai hannu baya, ya bar hannun a can.

Toza bai dube shi ba. Ya share yashin da tafin hannu, ya ɗaga abin da ya rage na ƙyallen, ya ninke ya sa a aljihun ƙirji. Ya zagaya baya ya ga rubutun alli, ya buɗe ɗan murfin ya zaro ƙusa. Ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Desa, matar kum," ya ce, "za ta tashi?"

Desanka ta sunkuya ta shinshina, ta leƙa ciki. "Taransifomar ta narke, kum. Ba zan yi maka ƙarya ba. An yi maka guda yau, ta isa."

"Wutar garin nan ce," in ji Budimir. "Ba ta da tsabta. A Jamus..."

"Kum," in ji Toza, "ka rantse mini da kumancinmu."

"Ai ɗaya ke aiki, kum. Sauran taya shi suke."

Ba wanda ya yi dariya sai wanzami, shi ma ya haɗiye.

Toza ya juya ga jama'a. "Tihomir yana nan?"

Tihomir ya fito daga bayan rumfar kabeji yana goge baki, da tsohuwar jitarsa ta katako a baya, wadda ba ta buƙatar wuta. Ya hau tirela, ya gaida Budimir da "Sannu, maƙwabci," ya nemi wurin da ba yashi ya zauna. Toza ya ɗauki akodiyan. Desanka ta kwance ɗankwalinta ta miƙa wa mijinta, ya ɗaura a ƙugu, suka sauka. Ta ba shi bokiti ya riƙe, suka ratsa kasuwar daga wannan gefe zuwa wancan, don babu wata hanyar.

Bukukuwan kaka goma sha huɗu aka yi a wannan shekara, duka da Tihomir. Toza ya ci gaba da gaida Budimir a hanya, don kumanci ba ya warwarewa, amma bai ƙara taka ƙofar gidansa ba. Budimir kuwa ya sanar a gidan gahawa cewa shi ya bar ƙungiyar da kansa, kuma yana jiran kira daga manyan wurare.

Kira ɗaya ya zo. Wani manomi, Stanoye, mai gonar inabi a bayan gari, tsuntsaye sun dame shi ana gab da girbi. Ya ce ya ga abin da ya faru a kasuwa, kuma a ganinsa duk abin da ya sa mutum talatin suka daina rawa zai iya korar tsuntsu. Budimir ya gaya wa mutane an gayyace shi wasa a fili, shi kaɗai, ba tare da 'yan rakiya ba. Ya sa sabon wando, ya tsaya a tsakiyar gona da jita ba waya, ya yi ta bugu tun hantsi har rana ta karkata.

Da yamma Stanoye ya zo duba aiki. Ya tarar da tsuntsayen sun ƙaru, har da na gonar maƙwabcinsa. Uku suna zaune a kan wuyan jitar suna cin inabi.